Gugar Bindigar Baba

Ni na lalata bindigar mahaifina, kuma da kyakkyawar niyya na yi. Wannan ɗin ne ya fi ci mini rai, don da mugunta ce da na san irin tuban da zan yi.

Baba maharbi ne ɗan maharbi. A unguwarmu ta Yara, sa'o'insa duk bindigar toka suke riƙewa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Tasa daban take. Ƙirar Turawa ce mai cin harsashi, da wani lanƙwasasshen ƙarfe a ƙarƙashinta, bayan kunamar da ake ja a harba, kamar mariƙin buta. In ka tura shi ƙasa sai ta tofar da kwanson harsashin da aka harba, in ka dawo da shi ta ɗauki sabo. Mai Mariƙi yake kiranta. Kakana ne ya same ta a hannun wani Bature da ya daɗe yana yi wa jagora a daji, kuma tana da lasisinta, wata tsohuwar takarda da Baba ke ajiyewa a cikin gwangwani.

Harsashinta ya ɓace a kasuwa tun ina koyarwa a firamare. Dajin ma ya zama gonaki da fulotai. Daga baya idon Baba ya tafi gaba ɗaya. Abin da ya rage masa shi ne kullum bayan karin kumallo a miƙa masa ita a zaure, ya ɗora a cinya ya bi ta da yatsu. Bai yi boko ba, amma yatsunsa sun haddace layi biyu na rubutun da ke kan bututun, da lambar da ke ƙasa kusa da mariƙin, da wata lotsawa a gefe inda ta taɓa faɗa wa dutse, da fatar wutsiyar ɓauna da kakana ya ɗaure ƙotar da ita sa'ad da ta tsage. Sai ya gama zagayensa yake yarda a yi masa magana.

Wata Asabar wani mutum ya zo daga Abuja, wai tsofaffin bindigogi yake tarawa. Kafin ya taɓa ta sai da ya sa safar hannu, na ji kamar in kore shi, don na ɗauka ƙyama ce. Ya daɗe yana juya ta. Ya ce irinta ba su da yawa: bututun rabinsa mai kusurwa takwas ne, rabinsa mulmulalle, kuma ma'ajin harsashin gajere ne, sai wanda ya yi oda ta musamman ake ƙera wa haka. Ya nemi a sayar masa.

Baba ya ce, "Ba ta sayarwa ba ce, Alhaji. Ka gaida gida."

Da na raka shi mota sai ya ba ni katinsa, ya rage murya ya ce kada in bari kowa ya taɓa ta, a bar ta da tsatsarta. Na ce a raina, ji ɗan kasuwa, so yake ta zauna da dauɗa ya dawo ya ɗauka a banza. Mu dai abin da muke ji da shi gyara shi muke yi. Gida a shafa masa fenti, babur a wanke, kwanon amarya a dirje shi har ya ɗauki ido. Kunya ta kama ni cewa baƙo ya ga abin alfaharin gidanmu baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Ban lura ba cewa Baba, daga zaure, ya ji muna ƙus-ƙus a ƙofar gida.

Bayan wata biyu aka kwantar da shi a asibiti, ƙanwata tana jinyarsa. Na ce bari in shirya masa abin murna kafin ya dawo. Na naɗe bindigar a tabarma na kai wa wani mai walda a Tudun Ƙofa, mai ƙera ƙofofin gida. Ba ni da abin da zan ce a kansa. Ya ma tambaye ni ko a bi ta da samfefa a hankali, na ce ina, ya sa mata inji. Ina tsaye a kansa ina nuna masa da yatsa, ƙara nan, nan ma da saura. Rubutun dama shekaru sun cinye shi, ya yi laushi, injin kuwa bai san rubutu ba. Wani kafinta na kusa da shi ya yanke fatar ya yar, ya cike tsagar da gam, ya goge ƙotar ya shafa mata banish. Da yamma na dawo da ita tana ƙyalli, ina tafe ina jin kaina ɗan albarka.

Washegarin da aka sallamo Baba, bayan ya sha koko, na ɗora masa ita a cinya. Ya bi bututun da yatsa. Ya sake bi. Ya juya ta ya laluba ƙasan mariƙin, ya gangara ƙota, ya kai ta hanci ya sunsuna.

"Ta wane ne wannan?"

"Taka ce, Baba. Gyara na sa aka yi mata."

Ya ɗaga ta da hannu biyu ya miƙo ta wajen da yake jin muryata.

"Mayar wa mai ita. Mutumin Abuja ya dawo ke nan da ina kwance."

Ina da saurin fushi, kowa a gidanmu ya sani. Maimakon in durƙusa in yi bayani, sai na ɗaga murya. Na ce shekara nawa ina ɗawainiya da shi, yau ni zai kira ɓarawo. Bai kira ni ɓarawo ba, ni na fara furta kalmar a gidan. Ya juya fuska bango.

Daga ranar bai ƙara neman a miƙo masa bindiga ba. Yakan zauna a zaure da hannuwansa a cinya, babu komai a cikinsu. A da ni ke riƙe masa sanda zuwa masallaci, sai ya koma jiran wani dattijo maƙwabcinmu. In na gaishe shi yana amsawa, amsa cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙo. Na kawo mai waldan ya rantse, Baba ya ce Allah ya yi masa albarka, ai wanda ya biya shi aiki ne ya kawo shi. Na koma wurin kafinta neman fatar, ya ce tuni aka ƙone ta da shara. Na buga wa mutumin Abuja waya don ya wanke ni. Da ya ji abin da na yi sai ya ce na kashe ta. Baba ma ƙin karɓar wayar ya yi.

Aka ba ni labarin wani tsoho Ibo a Gitata, mai gyaran keken ɗinki, wanda a da shi da mahaifinsa bindigogi suke gyarawa. Ba a bin hanyar nan da bindiga a mota saboda shingayen bincike, don haka shi na je na ɗauko. Ya zo da 'yar jakar kayan aikinsa, ya gaida Baba har ƙasa, ya shimfiɗa farin ƙyalle a tsakiyar zaure. Da na zare bindigar daga tabarma sai ya dube ta, ya dube ni.

"Oga Tica, kai ne ka yi wannan aiki?"

Na ce ni ne.

"Kuma ka yi makaranta fa."

Bai ƙara ba, ya hau aiki. Ya kwance sukuru ɗaya ya ɗaga shi a haske, ya ce zaren jikinsa ba irin na kasuwarmu ba ne, maƙerin gida ba ya yanka irinsa. Ya sa farar takarda a gindin bututun ya leƙa ta baki, ya kira ni in gani: wasu siraran layuka suna murɗawa a ciki har ƙarshe. Ya ce masu kwaikwayo bututun sitiyarin mota suke samu, cikinsa sumul. Ya shafa inda kusurwa takwas ta haɗu da mulmulallen, ya ce ƙarfe ɗaya ne, babu walda, ko da yake injin mai waldan ya cinye kaifin kusurwoyin. Sannan ya cire ƙotar. A jikin ƙarfen da itace ya rufe, inda guga ba ta kai ba, ga tsohon mai ya daskare baƙi, ya kankare da farce, sai ga ƙananan lambobi uku da harafi ɗaya.

Ya ce, "Baba, wannan bindiga orijina ne. Ba na gida ba. Irin shi sau ɗaya na gani, a shagon babana."

Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na ce, "Ka ji ko, Baba?"

Baba ya ce, "Na ji. Ni ban ce ba ta Turawa ba ce. Mai tara bindigogi ai ba ya rasa wadda zai bayar a madadi. Maƙeri, abin da nake tambaya, tawa ce?"

Na ruga na ɗauko gwangwanin lasisi. Tsohon ya sa tabarau ya duba takardar, ya duba ƙarfen, ya girgiza kai. Lambar da ke takarda ita ce ta waje, wadda na sa aka goge. Ta ciki kuwa lambar ma'aikata ce, da suke bugawa don kada sassan bindiga ɗaya su gauraya da na wata. Ba su da haɗi. Na kama yatsan Baba na ɗora a kan ƙananan lambobin, ina roƙonsa ya taɓa.

Ya taɓa. Ya ce, "Ban taɓa buɗe cikinta ba. Ban san wannan wurin ba."

Na dubi tsohon, ido cikin ido, ina so ya taimake ni ko da kalma ɗaya ce. Ya gane sarai abin da nake nema.

"Baba, ba zan yi maka ƙarya ba," in ji shi. "Zan iya ce maka na asali ne. Ba zan iya ce maka naka ne ba. Abin da zai nuna haka, an share."

A hanyar mayar da shi Gitata na ji haushinsa kamar in sauke shi a daji. Shi kaɗai Baba ya yarda da maganarsa, kuma don bai yi ƙaryar ba ne ya yarda. Na san haka, amma haushin bai sake ni ba har muka isa.

Da damina ciwon Baba ya dawo. Wata rana bayan la'asar ƙanwata ta fito ta ce yana kirana. Wata biyar ke nan bai kira ni da kansa ba. Na shiga na durƙusa, ya laluba ya kama wuyan hannuna, riƙo mai ƙarfi irin na da.

"Na yafe maka," ya ce. "Duniya da lahira. Wataƙila wata bukata ce ta matsa maka, ka ji kunyar faɗa mini."

"Baba, wallahi ban sayar ba."

"Bar rantsuwar. Kada ka ƙara wani nauyin a kan wanda na sauke maka. Na ce na yafe."

Numfashinsa yana fita da ƙyar. Na ga in na ci gaba da musu, da musun za mu rabu, ya tafi yana ganin ɗansa ya ƙi tuba. In na karɓa kuwa, na amsa satar da ban yi ba, kuma babu sauran ranar da zan warware. Ya ƙi sakin hannuna, yana jira. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan jiran ba.

Na ce, "Na gode, Baba."

Ya ce, "Yauwa." Ya saki hannuna, fuskarsa ta sake, ya ce wa ƙanwata ta ba shi ruwa. Bayan kwana biyu ya rasu, hankalinsa kwance, yana ganin a ƙarshe na faɗa masa gaskiya.