Jinin Sha-Bakwai

A ɗakin bincikenmu ba a rubuta sunan kowa a jikin kwalba, lamba ake sawa. Ita matar da zan ba ku labarinta tata goma sha bakwai ce, kuma tun ranar da ta ji na kira lambar ta ce ta yi mata daɗi a kunne, shi ke nan ta zama Sha-Bakwai har a bakin maigidanta. Ni ce mai ɗibar jini a wurin. Shekarata goma sha huɗu ina huda hannuwan mutane, na ga masu suma, na ga masu zagi, amma ban taɓa ganin mai miƙo hannu da murna irin tata ba.

Tela ce. Shagonta wani ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, keke ɗaya, dutsen guga ɗaya, sai madubi mai tsaga a kusurwa. Ita ce babba a ɗakinsu, ita ta goyi ƙannenta biyar, da suka girma suka haihu kuma ita ta ɗinka wa 'ya'yansu rigunan farko. Shekararta goma sha ɗaya da aure, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Al'adarta sai ta yi wata uku ba ta leƙo ba, ga wasu 'yan gasu a haɓa da take tsigewa kafin ta fito. Ba ta da yawan ƙorafi, sai dai in aka kawo mata ɗinkin jariri takan daɗe a kansa fiye da kima.

Mai binciken namu Dakta muke ce mata, ko da yake kullum sai ta ce, "Ni fa ba likita ba ce, ko maganin ciwon kai ba na rubutawa." A bayan idonta kuwa Sake-Aunawa muke kiranta, don duk sakamakon da ka kai mata kalmar da za ka fara ji ke nan. Abin da take nema shi ne yadda maiƙon da ke cikin jini yake tafiya tare da sinadaran jiki masu tafiyar da al'adar mace da fitar ƙwanta. Ta tara mata sittin masu irin matsalar Sha-Bakwai, kowacce za a ɗibi jininta sau ɗaya a wata har wata ashirin da huɗu. Ba a ba kowa magani, aunawa kawai ake yi. Wadda kuma ta fara shan maganin haihuwa ta fita daga binciken, don maganin yana sauya duk abin da muke aunawa. Haka aka rubuta a takardar yarda, kuma ni na karanta wa Sha-Bakwai ita. Gaskiya da sauri na karanta, ranar layi har bakin ƙofa.

Sharaɗin ɗaya ne mai wuya: a zo da safe ba a sa komai a baki ba tun jiya. Nan ake yin ta da mata. Sai mace ta rantse miki ko ruwa ba ta kurɓa ba, ki saka jininta a injin da ke juya kwalabe, ruwan saman ya fito fari kamar an ɗiga madara. Ki koma ki tsare ta, sai ta ce, "To ai shayi ne kawai, Sista, shi ma rabin kofi, da ɗan ƙwai." Na Sha-Bakwai kuwa kullum garau yake fitowa. Tana zuwa ƙarfe bakwai da rabi da fulas ɗinta da biredi a jaka, sai na cire allura sannan ta buɗe. Maigidan nata direban tasi ne, doguwar halitta mai tsoron allura, shi yake kawo ta, kuma shi ma ba ya karyawa ranar.

"Kai kuma waye zai ɗibi naka?" na tambaye shi.

"Sista, ai abin na mutum biyu ne," in ji shi. "In na ci ita ba ta ci ba, ina jin kamar zai ɓata aikin."

Muka yi ta dariya, har da ita.

A wata na shida ne, ina danna mata auduga a hannu, ta ce, "Wallahi Sista, tun da kuka fara cire min mugun jinin nan nake jin jikina sakayau. Dakta ta ce maiƙo ne ko? In kun gama tsame shi ai hanya za ta buɗe."

Na gane nan take. Baiwar Allah ta ɗauka ɗibar jinin ita ce maganin. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake, kuma minti biyu ya ishe ni. Amma a lokacin mata goma sha ɗaya sun riga sun daina zuwa, Dakta har ta rame, ga wannan ita ce wadda ba ta taɓa fashi ba. Sai na ce a raina, me ya rage ta da shi? Cokali biyu na jini ne a wata, kuma tana jin daɗi. Na buɗe baki na ce, "Allah ya ƙara sauƙi, Yaya." Wannan maganar har yau tana cina.

Watanni suka yi ta tafiya. Matanmu suka ragu zuwa ashirin da biyu, ita tana nan. Ta saba da mu har takan kama min aljihun farar rigata ta ce, "Wannan ɗinkin wane mugu ya yi miki shi?" Dakta kuwa in ta buɗe shafin Sha-Bakwai a kwamfuta sai fuskarta ta saki, ta ce da duk haka suke da tuni ta gama.

Ranar ɗiba ta goma sha tara ta zo tana 'yar dariya. Ta ce ƙanwar maigidanta ta samo mata layin ganin likitan mata a babban asibiti, karo na biyu ke nan, ita kuma ta ce a bar shi.

"Na ce musu ina kan magani a wurinku, saura wata biyar. Ai ba a haɗa magani biyu, ko Sista?"

Karo na biyu. Mace mai shekara talatin da takwas. Sai da na sake neman jijiya, abin da rabona da shi tun ina ɗaliba. Na ce ta sha shayinta ta jira ni, na wuce ofishin Dakta na rufe ƙofa na faɗa mata komai, har da abin da ya faru a wata na shida.

Na zaci za ta yi faɗa. Ba ta yi ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi. Ta cire tabarau ta daɗe tana kallon shafin nan da saura layi biyar ya cika. Sannan ta ce, "Shigo min da ita. Da mijin."

Dakta ba ta iya kwana-kwana ba. Ta jawo kujera ta zauna gab da ita ta ce, "Yaya, ki yafe mana. Jinin da muke ɗiba ba magani ba ne. Ba ya tsame komai daga jikinki. Mu muke ƙaruwa da ke, ke ba ki ƙaru da mu ba. Ki je ki ga likitan nan cikin satin nan."

Sha-Bakwai ta dube ta, ta dube ni. "To wata biyar ɗin da suka rage fa?"

"Ki bar su."

"Aikinki ba zai lalace ba?"

"Zai ragu," in ji Dakta. "Wannan damuwata ce, ba taki ba."

Maigidan yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Dakta ta buga sakamakon wata goma sha tara gaba ɗaya, ta rubuta wa likitan wasiƙa da hannunta, ta sa a ambulan. Da za su fita Sha-Bakwai ta tsaya ta zare farar rigata daga jikin ƙusa, wai aljihun ya ishe ta da gani, ta tafi da ita.

Sati uku ban ji ɗuriyarta ba. Ran nan da hantsi, na sallami mace ta ƙarshe ina goge tebur, sai ga ta da rigar a ninke, an goge ta tsaf. Ba fulas a hannunta. Ta zauna a kujerar da ta saba, amma ba ta naɗe hannun riga ba.

Ta ce likitan ya yi mamakin takardun, wai bai taɓa ganin mace ta zo masa da bayanin jikinta cikakke haka ba, sun rage masa aikin watanni. Ya ɗora ta a kan magani. Ya ce akwai fata, amma kada ta sa rai da yawa, da bara ta zo da ya fi.

"Sista," ta ce, "zan tambaye ki, kada ki ɓoye min. Ke yaushe kika gane na ɗauka magani ne?"

Na so in ce ranar da na shiga ofishin Dakta. Da ta yarda, don ba ta taɓa zargina da komai ba.

"Tun wata na shida, Yaya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta sunkuyar da kai tana lanƙwasa yatsu a kan cinyarta, ɗaya bayan ɗaya, yadda take ƙirga maɓallai. Ta gama hannu biyu ta ƙara uku.

"Wata goma sha uku," ta ce. "Da ciki ne, da yanzu ana koya masa zama."

Na ce ta yafe min, hawaye ya hana ni ƙarasawa. Ta miƙe ta ɗora min rigar a hannu, ta ce ta ninka ɗinkin aljihun, ba zai sake yagewa ba. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba. Ta leƙa waje ta ce wa maigidan ya tayar da mota, suna da layi a asibiti ƙarfe goma sha ɗaya.

Rigar ce a jikina yau. Duk macen da ta zo sa hannu a takardar nan, ko layi ya kai titi, ba na taɓa allura sai ta faɗa min da bakinta abin da jinin nata zai yi mata da abin da ba zai yi ba.