Bakin Garmar da Mati Ya Goge

Duk wanda ya yi huɗa da shanu a ƙauyukan da ke tsakanin Danja da Funtua, a shekarun nan da suka biyo bayan samun 'yancin kai, in ka ce masa Mati Maƙeri zai ce maka, "Mai baƙin ƙarfe?" To, shi ɗin dai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, wuta ta cinye gashin hannuwansa tun yana saurayi, ga wani warin ƙonannen ƙaho da ke bin sa har cikin masallaci. Mutane kan matsa masa a sahu, shi kuwa ya ɗauka girmamawa ce.

A maƙera aka haife shi, kusan a ce. Ubansa Maitama maƙeri ne, kakansa ma haka. Fartanya da lauje da gatari suka gada, sai a zamanin Mati garmar shanu ta shigo ƙasar tare da noman auduga. Garmar kanta daga kanti take zuwa, amma bakinta, wato ƙarfen nan da ke tsaga ƙasa, shi ne ke cinyewa. Ƙasar wajen kuwa akwai tsakuwa, ba ta wasa da ƙarfe. Kafin damina ta raba, sai ka ga bakin garma ya dakushe, shanu suna ja, manomi yana zagi.

Nan Mati ya sami abincinsa. Maitama ya bar masa wata dabara da yake yi wa bakin gatari, shi kuma ya mai da ita kan garma. Zai ƙera bakin daga tarkacen ƙarfen da yake kwasowa a Funtua, ya wasa shi tas, sa'an nan ya daka ƙaho da kofato da gawayi, ya binne ƙarfen a cikinsu cikin tukunya, ya liƙe bakinta da yumɓu. Tukunyar ta wuni cikin wuta, ana zuga. In ya fasa ta, ya cafko ƙarfen da awartaki yana ja wur, ya tsoma a ruwa. Abin da ke fitowa baƙi ne ƙirin, mummuna, duk tabon masaba a jikinsa. Amma sa masa magagari, abin goge ƙarfe, ka gani, sai dai ya zame. Cikinsa na nan da laushi, don haka ba ya karyewa in ya ci karo da dutse, bayansa kuwa ya yi wata fata mai taurin tsiya wadda ƙasa ba ta iya ci.

Mati na kiran wannan aiki dahuwa. Doka ɗaya Maitama ya kafa masa a kai, ya kuma nanata har ya gaji: washi kafin dahuwa ake yi, ba bayanta ba. Fatar nan ba ta fi kaurin farce ba. Ka goge ta, ka koma wa ƙarfen banza.

Matarsa Maijidda ba ta taɓa sabawa da warin ba. Ranar dahuwa takan kwashe shanyarta ta kai gidan maƙwabta, tana faɗin, "Malam, ko kuraye sun bar zuwa unguwar nan saboda kai." Ya yi dariya ya ci gaba da zuga. Mutum ne mai sauƙin kai, ba ya faɗa, ba ya riƙo. Aibinsa ɗaya, kuma babba ne: ba ya iya ɗaukar dariyar mutane. A yi masa dariya sau ɗaya, sai ya kwana uku yana juya ta a ciki.

Babban amininsa Sulemanu ne, manomi, Kirista, dattijo a majami'ar ƙauyen. Tare suka yi kiwon awaki suna yara, kafin mahaifin Sulemanu ya bi mishan. Sulemanu ya shahara da abu ɗaya: ba ya rantsuwa, kuma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. In rigimar iyakar gona ta tashi, Musulmi da Kirista duk shi ake nema. Mai unguwa kan ce, "A kira Sulemanu, abin da ya faɗa shi ke nan." Ba shi da babbar riga, ba shi da keke. Maganarsa ita ce dukiyarsa, da ita yake zama gaba a taro.

Wata shekara, farkon damina, malamin gona ya sanar cewa zai yi gwajin huɗa a wani fili bakin hanyar Danja, don manoma su ga sabbin bakunan garma da aka kawo. Ya zo da guda ɗaya ƙofar mai unguwa ana ta juya shi hannu zuwa hannu. Kai, abin ya yi kyau! Sumul, fari fat, kana ganin fuskarka a ciki. Sai Mudi, wani dillalin auduga da bakinsa ba ya zama shiru, ya ɗaga shi sama ya ce, "Jama'a, ga ƙarfe. Ba irin gawayin da Mati ke sayar mana ba, wanda in ka taɓa sai ka nemi sabulu."

Aka kwashe da dariya. Mati na tsugune gefe, shi ma ya yi yaƙe, amma kunnuwansa sun ɗau zafi.

Sulemanu ne ya miƙe. Ya ce, "Mudi, kyau daban, aiki daban. Ni da bakin Mati nake huɗa, kuma na ce zai riga wannan gama filin, ya fito da kaifinsa. Ranar gwaji zan zo da shanuna." Malamin gona, mutumin kirki ne, ya ce madalla, shi ma yana so ya gani. Magana ta zauna. Tunda Sulemanu ya faɗa, har wasu suka fara yi wa Mudi tsiya tun kafin ranar.

Mati ya ƙera bakin nan kamar ransa. Ya zaɓi ƙarfe, ya zaɓi ƙaho, ya yi dahuwa wadda bai taɓa yin irinta ba. Da ya fito da shi daga ruwa ya sa magagari, magagari ya zame. Aiki ya yi. Da a nan ya tsaya, da ba mu da labari.

Amma sai ya ajiye shi kan uwar maƙera ya tsaya yana kallo. Baƙi. Tabo ko'ina. Ya tuna farin nan na kanti yana walƙiya a hannun Mudi, ya tuna dariyar, ya ga kansa ranar taro, mutanen Danja da na Maska sun kewaye, ana nuna gawayinsa da baki. Wallahi kunyar aikin ubansa ta kama shi, shi da ya ci ya sha ya yi aure da wannan baƙin ƙarfe.

Ana gobe gwaji ya naɗe shi a tsumma ya nufi Danja, gidan injin niƙa, inda akwai dutsen washi mai juyawa da inji. Ya ce wa kansa shafawa kawai zai yi, baƙin ya fita. Ya ɗora, tartsatsi ya tashi, wuri ɗaya ya yi fari. Sai farin ya sa tabon masaba da ke kusa ya ƙara muni, ya bi shi. Ya bi na gaba. Muryar Maitama na cikin kunnensa sarai, ba wai ya manta ba ne, kada wani ya ba shi wannan uzuri. Ya sani, yana gogewa yana sani. Bai ɗaga hannu ba sai da ƙarfen ya koma sumul yana ɗaukar ido.

Da ya dawo gida Maijidda ta buɗe tsumman ta duba. Ita ba maƙeriya ba ce, amma ta yi shekara da shekaru tana jin dokar nan ta katanga. Ta ce, "Malam, ba Baba ya hana wannan ba?"

Ya ce, "Kaɗan na taɓa." Ta dube shi, ta mayar da tsumman, ta koma bakin murhu.

Da safe Sulemanu ya biyo da shanunsa ya karɓa. Ya juya shi a rana ya yi dariya. "A'a, Maƙeri, yau wanka aka yi masa?"

"Ranar taro ce ai," in ji Mati. Sulemanu bai ƙara tambaya ba. Ya ɗaura shi a garma da hannunsa, don bai ga dalilin da zai sa ya tuhumi abin da ya fito daga hannun Mati ba.

Fili ya cika. An yi ruwa shekaranjiya, ƙasa ta yi daidai. Aka raba wurin biyu, ma'aikacin malamin gona da bakin kanti a gefe guda, Sulemanu a ɗayan. Da farko abin sha'awa, garmar Sulemanu na tsaga ƙasa kamar wuƙa a kabewa, mutanen ƙauye na ihu. Mati har ya fara ce wa zuciyarsa wataƙila fatar ta saura.

Ba ta saura ba. Da suka shiga wajen tsakuwa, hantsi ya ɗaga, sai garma ta fara tsalle tana fita daga ƙasa. Sulemanu ya danna da ƙarfinsa, shanu suka yi nishi, layi ya karkace. Ya tsaya, ya gyara, ya sake. Ina! Can ɗaya gefen an yi nisa. Daga ƙarshe ya kifar da garmar ya duba, jama'a suka rufa a kansa. Bakin ya dakushe, tsininsa ya naɗe ya koma baya.

Mudi ya kutsa ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ɗago da wata irin murna. Ya ce, "Tsaya, tsaya. Wannan ai ba aikin Mati ba ne. Wa ya taɓa ganin Mati ya yi farin ƙarfe? Sulemanu, tsoro ka ji, ka je ka samo wani na kanti mai araha ka ce mana na Mati ne?"

Sulemanu ya ce, "Na Mati ne. Daga hannunsa na karɓa da safen nan."

Mai unguwa ya waiwaya ya nemo Mati cikin mutane. "Mati, wannan aikinka ne?"

Ga ido ya yi masa yawa. Ga mutanen Danja, ga na Maska, ga malamin gona, ga duk waɗanda ke kawo masa aiki. Abin da zai ce gajere ne: nawa ne, ni na ɓata shi. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Ranka ya daɗe, nawa baƙi ne. Kowa ya sani."

Ka ji fa. Bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya bar jama'a su ƙarasa masa ƙaryar. Suka kuwa ƙarasa. Mudi ya tafa hannu yana cewa, "Ashe mai gaskiyar ma yana taɓawa!" Sulemanu bai yi musu ba, bai rantse ba, don ba ya rantsuwa. Ya dubi Mati sau ɗaya, ba da fushi ba, irin kallon da mutum ke yi in yana son ya tabbatar bai yi kuskuren fuska ba. Sa'an nan ya kwance shanunsa ya kora su gida.

Abin takaici, kasuwar Mati ƙaruwa ta yi. Aka ce ai ga shi nan, farin ƙarfe ba ya jure tsakuwa, gara baƙin Mati. Aiki ya yi ta zuwa, shi kuwa kowane bakin garma ya ɗauka sai ya ji kamar ya fi na jiya nauyi. Maijidda kuwa ta daina yi masa tsiyar wari ranar dahuwa, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ya daina bin hanyar da ta wuce ƙofar Sulemanu, yana zagayawa ta bayan rijiya kamar ɓarawo.

Tsakiyar damina rigimar iyaka ta tashi tsakanin wasu 'yan'uwa biyu. Mati na wurin. Mai unguwa ya buɗe baki zai ce a kira Sulemanu, sai ya fasa, ya ce, "A nemo wani dattijo." Mati ya tashi ya bar wurin.

Washegari ya hura wuta. Ya ƙera baki, ya wasa, ya yi dahuwa yadda Maitama ya koya masa, ya bar shi da baƙinsa da tabonsa. Bai naɗe shi a tsumma ba. Ya riƙe shi a hannu ya bi ta tsakiyar gari har gonar Sulemanu.

Ya tarar da shi yana noma da fartanya, shi kaɗai. Suka gaisa, gaisuwa cikakkiya, har da tambayar iyali, Mati na kallon ƙasa. Ya miƙa masa ƙarfen da hannu biyu.

Sulemanu ya jingine fartanya ya karɓa. Ya juya shi, ya murza da babban yatsa, baƙin ya kama masa yatsa. Ya daɗe yana kallon yatsan. Sa'an nan ya ɗago, a hankali, ba gatse a muryarsa ko kaɗan, tambaya ce kawai ta mutumin da ke son ya san inda zai taka.

"Mati, in an tambaye ni, in ce na wane ne?"