Deolinda Pestana, Mai Hoton da Ta Ƙi Sauka daga Tsaunukan Madeira

Haihuwa da asali

An haifi Deolinda Pestana ranar tara ga watan Maris na shekarar 1932, a ƙauyen Boaventura da ke arewacin tsibirin Madeira, cikin wani gidan dutse mai ɗaki biyu da ke maƙale a gangaren kwari. Mahaifinta, Anacleto Pestana, mai kula da magudanar ruwa ne, ɗaya daga cikin siraran hanyoyin ruwan nan da aka sassaƙa a jikin tsaunuka domin shayar da gonaki. Aikinsa shi ne bin gefenta kullum da sanda da fartanya, yana kwashe ganye da duwatsun da suka toshe ta, yana kuma buɗe wa kowane manomi ruwa idan lokacinsa ya yi. Mahaifiyarta, Gertrudes, surfani take yi kamar sauran matan kwarin. Deolinda ce ta huɗu cikin 'ya'ya biyar, kuma ita kaɗai ce mace.

Ilimi da tarbiyya

An sa ta makarantar firamare ta ƙauyen a shekarar 1939, aka kuma cire ta a 1942 bayan ta kammala aji uku, aka ɗora mata allura da zare a cinya. Ba ta taɓa gama ko da ƙyalle ɗaya ba. Da zarar mahaifiyarta ta juya baya sai ta sulale ta bi sawun mahaifinta, a kan gefen magudanar da faɗinsa bai wuce tafin ƙafa biyu ba, ruwa a dama, a hagu kuma rami mai zurfin da gajimare ke rufe ƙasansa. 'Yan'uwanta sun ruwaito cewa wata rana Gertrudes ta tare mijinta a bakin ƙofa ta ce, "Anacleto, so kake ka kashe mini yarinya a dutsen nan?" Shi kuma ya ajiye fartanya ya ce, "Ni nake janta? Ki ɗaure ta mana, in kin iya." Kafin ta cika shekara goma sha biyar ta san kowace hanya da ke tsakanin kwarinsu da ƙololuwar tsaunin Pico Ruivo, ta kuma san irin iskar da ke kore gajimare da irin wadda ke tara shi.

Farkon sana'a

A watan Janairu na shekarar 1949 ta sauka Funchal, babban birnin tsibirin, ta sami aikin shara a shagon wani mai hoto, Senhor (wato Malam) Honorato Figueira, wanda ke ɗaukar hotunan biki da na takardun tafiya, yana kuma sayar wa fasinjojin jiragen ruwa katunan hoto. Cikin shekara biyu ta koyi wankin hoto ta hanyar kallo, har ya sakar mata ɗakin wankin gaba ɗaya. A shekarar 1952 ta nemi ya ara mata kyamara domin ta hau tsauni, tun da dukkan katunan shagon hotunan bakin teku ne da lambuna, kasancewar mai shagon mutum ne mai jiki wanda matakala goma ke sa shi haki. Ya yi dariya ya ce, "Yarinya, kyamara fa ba allura ba ce." Ta ce, "Madalla, Senhor Honorato, don allurar ban iya ba."

Ta yi kwana uku tana tafiya a ƙafa, da gurasa da dafaffen dankali a jaka, ta dawo da hotuna goma sha biyu na kawunan tsaunuka a saman gajimare, da na dazuzzukan da gansakuka ta lulluɓe itatuwansu. Katunan da aka buga daga gare su sun ƙare cikin mako guda. Sunan Figueira ne a bayan kowannensu, kuma haka al'amarin ya ci gaba har shekara huɗu.

Hoton Isidro Baeta

A watan Agusta na shekarar 1956 ana sassaƙa sabuwar magudana a fuskar wani dutse mai tsananin tsayi, inda ake zura leburori cikin kwanduna da igiya su yi aiki a rataye. Ranar Talata Deolinda ta ɗauki hotonsu daga hayin kwarin. Ranar Jumma'a igiya ta tsinke da wani lebura mai suna Isidro Baeta, uban 'ya'ya huɗu, ya faɗi ya rasu. Ɗan kwangilar da ke da aikin ya baza magana cewa mamacin a buge yake, har maganar ta shiga kunnen matarsa da 'ya'yansa. Amma a hoton ranar Talata ana ganin igiyar a saman kan Isidro, ta zare ta yi siriri, an naɗe wurin da tsumma.

Da labarin hoton ya kai ga ɗan kwangilar sai ya zo shagon da kansa, Senhor Honorato kuwa ya umarci Deolinda ta miƙa fim ɗin, yana cewa, "Kyamarar tawa ce, fim ɗin ma nawa ne." Ta cire kyamarar daga wuya ta ajiye masa a kan tebur ta ce, "Ga kyamararka. Ƙafafun da suka kai ta can nawa ne, idon ma nawa ne." Ta fita da fim ɗin cikin rigarta, tare da hoto guda da ta riga ta wanke. Ranar Lahadi da safe ta kafa shi da ƙusa a ƙofar cocin ƙauyen su Isidro, ta tsaya a gefensa har aka tashi daga ibada. Ba a hukunta kowa ba. Sai dai daga ranar ba a sake jin bakin da ya kira Isidro mashayi ba, kuma kafin wata ya ƙare an kawo sababbin igiyoyi wurin aikin. Ita kuwa babu shagon hoto a birnin da ya yarda ya sake ɗaukarta. Ta koma Boaventura, inda a 1957 yayanta Januário ya aiko mata da tsohuwar kyamara daga ƙasar waje, ta mayar da rumbun mahaifinta ɗakin wankin hoto. Daga wannan shekarar ta ɗauki ƙa'idar da ba ta taɓa saki ba: a bayan kowane hoto tana rubuta sunanta, da ranar, da wurin, da sunan duk wanda ya fito a ciki.

Aure da zuri'a

Ranar goma sha huɗu ga watan Yuni na shekarar 1958 aka ɗaura aurenta da Aurélio Nóbrega, direban motar fasinja da ke zirga-zirga tsakanin arewacin tsibirin da birni. An ce ranar da ya fara neman ta ya ce mata, "An gaya mini ba kya zaman gida." Ta ce, "Ba su yi maka ƙarya ba. In matar gida kake so, ga su nan cike da kwarin." Allah ya ba su 'ya'ya huɗu: Amândio a 1959, Lídia a 1961, Celeste a 1964, da Telmo a 1970, wanda ya rasu yana da shekara biyu.

A farkon auren ne ta fara sa wandon mijinta idan za ta hau dutse, abin da ya sa limamin cocin ƙauyen ya yi wa'azi a kai makonni biyu a jere ba tare da ambaton suna ba. A mako na uku ta same shi a harabar coci gaban jama'a ta ce, "Fada, kai ma doguwar riga kake sawa, ban taɓa ce maka uffan ba. Gobe ka biyo ni da ita gefen magudana, in ka dawo da rai sai in koma siket." Bai bi ta ba, bai kuma sake tayar da zancen ba.

A shekarar 1965 Aurélio ya yanke shawarar ƙaura zuwa Venezuela kamar yadda maza da yawa na tsibirin suka yi, ya nemi ta haɗa kaya. Ta ƙi, ya tafi shi kaɗai. Shekara huɗu ta yi tana rainon 'ya'ya uku da sana'ar hoto, wani lokacin da Celeste a goye take hawan gangare. Ya dawo a 1969, babu wanda ya nemi afuwar wani, suka ci gaba da zamansu har rasuwarsa a watan Fabrairu na 1987.

Shari'ar hanya

A shekarar 1994 wani kamfani ya sayi gangaren da ke saman ƙauyen da niyyar gina masaukin baƙi, ya kafa ƙofar ƙarfe a kan tsohuwar hanyar da ke hawa tsauni, ya rubuta cewa ba a shiga. Washegari Deolinda, tana da shekara sittin da biyu, ta haura ƙofar da kyamara a wuya. Sau tara ta haura ta cikin wata biyu, har kamfanin ya kai ta kotu bisa zargin shiga hurumin da ba nata ba. Hukuncin da zai fito shi ne zai tabbatar ko hanyar ta jama'a ce ko ta kamfani, kuma in ta faɗi, mutanen kwarin sun rasa hanyarsu ta zuwa makiyaya da itacen girki. 'Ya'yanta sun roƙe ta ta ba da haƙuri a kashe maganar, ta ƙi.

A zaman watan Mayu na 1996 kamfanin ya gabatar da shaida, wani dattijon ƙauyen mai suna Belmiro Caldeira, wanda a lokacin yake yi musu gadi. Ya rantse cewa tun tasowarsa bai taɓa ganin jama'a na bin wurin ba, sai dai awaki. Deolinda ta zo da akwati ɗauke da hotuna ɗari biyu da goma sha biyu na hanyar, daga 1957 zuwa 1993, akwai mata da damin itace a ka, da makiyaya, da masu ɗauke da makara. Ta nemi izinin alƙali, ta zaro guda ɗaya ta miƙa wa shaidan ta ce, "Belmiro, sa tabaranka ka duba da kyau. Wannan ango mai hular aro da ke jan amarya a kan hanyar, akuya ce ko kai ne?" Aka juya bayan hoton aka karanta sunansa da na matarsa da ranar bikinsu a 1961. Sai da alƙali ya buga tebur kafin dariya ta lafa. Belmiro ya sunkuyar da kai, ya kira ta da laƙabin girmamawa na mata ya ce, "Ni ne, Dona Deolinda." Ranar uku ga watan Maris na 1997 kotu ta yanke hukunci cewa hanyar ta al'umma ce, aka cire ƙofar. Ba ta riƙe Belmiro a zuciya ba, domin a makon ta aika masa da hoton cikin gilashi, wanda ya rataye a ɗakinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Shekarun tsufa

A watan Nuwamba na shekarar 2004 ta zame a kan jiƙaƙƙen dutse ta karye a ƙugu, likita ya haramta mata hawa har abada. Bayan wata bakwai 'yarta Lídia ta lura tana leƙen takalman tafiyarta, sai ta ɓoye su. Da safe aka nemi tsohuwar aka rasa, sai da hantsi aka same ta a gefen magudana, kusan tafiyar awa ɗaya daga gida, da silifas a ƙafa. Lídia ta fashe da kuka ta ce, "Mama, kashe kanki za ki yi!" Ta ce, "Da silifas ɗin nan kam zan iya. Kawo mini takalmana." Aka mayar mata da su.

Daga 2009 ganinta ya fara raguwa, ta rage ɗaukar hoto amma ba ta rage tafiya ba. Ranar da ta cika shekara tamanin, a 2012, ta hau Pico Ruivo hawanta na ƙarshe tare da Celeste, suna hutawa bayan kowane taku ɗari. Gajimare ya rufe ko'ina a ranar, ba a ganin komai, amma ta ɗauki hoto guda ta sa aka rubuta ranar a bayansa. A 2014 ta damƙa hotunanta, kimanin dubu talatin da takwas, ga ɗakin karatu na ƙauyen, bisa sharaɗin cewa duk ɗan kwarin da ya nemi ganin kakansa a nuna masa, kuma kada a goge abin da ta rubuta a bayan ko guda ɗaya.

Rasuwa da jana'iza

Ta kwanta rashin lafiya a watan Oktoba na shekarar 2017, ta ƙi a kai ta asibitin birni, ta ce a juya gadonta ya fuskanci taga. Kwana biyu kafin rasuwarta wani matashin limami ya zo yi mata addu'ar ƙarshe, ya tambaye ta ko ta yafe wa duk waɗanda suka yi jayayya da ita a duniya. Ta ce, "Na yafe wa kowa, Fada. Amma ka rubuta, ban janye ko kalma ɗaya ba." Ta rasu da hantsin ranar uku ga watan Nuwamba na 2017, tana da shekara tamanin da biyar. An yi jana'izarta washegari a cocin Boaventura, aka binne ta a maƙabartar ƙauyen kusa da mijinta da ɗanta Telmo, cikin taron da ya cika haraba har ya malala kan titi.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku: Amândio Nóbrega, makanike a birnin Caracas na Venezuela; Lídia Nóbrega, malamar jinya mai ritaya a Funchal; da Celeste Nóbrega, mai yi wa matafiya jagora a hanyoyin tsauni; tare da jikoki bakwai da tattaɓa-kunne biyu. Da aka zo rubutun dutsen kabari, magini ya ba da shawarar a sa wata aya mai taushi kamar yadda aka saba, 'ya'yan uku suka ƙi. Ƙarƙashin sunanta da shekarunta layi ɗaya ne kawai aka sassaƙa: Ba ta janye ko kalma ɗaya ba.