Baba Salifu da Samarinsa Masu Dogon Gashi

Duk wanda ya taɓa shiga falon Baba Salifu a unguwar Levenshulme, nan Manchester, ya san yatsan nan. Za ka yi sallama, ya amsa maka can ƙasan maƙoshi don kada ya kwashi alhaki, sannan ya ɗaga manuniya sama, ido a rufe. Ma'anarta ita ce nemi wuri ka zauna, waƙa ba ta ƙare ba. To da waƙar irin wadda muka saba ce, mai minti huɗu, ai da sauƙi. Ina! Waƙar samarinsa ce, wadda guda ɗaya take cinye gefen faifai kaf. Da idona na ga Baturen da ƙaramar hukuma ta turo gyaran hitar ɗumama ɗaki yana tsaye da akwatin kayan aiki a hannu, fuska ta yi jajir, yana jiran a sauke yatsa. Kuma wallahi ya jira.

Ga waɗanda suka zo garin nan daga baya, samarin Baba wasu Turawa ne su biyar, makaɗan rok na zamanin da aka fara ja wa waƙa tsawo, masu gashi har kafaɗa. Suna da jita da ganguna da sarewa da ogan irin na coci. Su ya riƙe tun yana sabon zuwa daga Kumasi, yana dakon kaya a ɗakunan ajiya na Cheetham Hill, har ya yi furfura. Sa'o'insa ne, wasu ma sun girme shi, amma har ya koma ga Allah "samarin nan" yake ce musu.

Bai damu da sunayen da suka sa wa waƙoƙinsu ba, shi ya raɗa musu nasa. Akwai Tsohuwa Ta Hau Bene, don ogan ɗin a hankali yake hawa, ya tsaya ya yi haki, ya ci gaba. Akwai Rigimar Zongo, inda kowa yake magana ba mai sauraron wani. Sannan akwai Doguwa, wadda sunanta ya ishe ta bayani. Ya san tsawon kowacce. Sai ka ga ya dubi agogo ya ce, "Saura minti goma la'asar? Doguwa ba za ta shiga ba. Miƙo Tsohuwa." Bai taɓa bari waƙa ta ci masa salla ba, bai kuma taɓa bari salla ta riske shi a tsakiyar waƙa ba.

Ni Nura, mijin 'yarsa Hawa, ta hannun Doguwa na shiga gidan nan. Na zo daga Kano karatu a jami'a, na ga Hawa, muka daidaita. Na ce zan turo manya, sai aka aiko min cewa manya su dakata, ni Baba yake son gani, ranar Asabar bayan azahar. Na sha babbar riga, na hardace tarihin gidanmu har kakan kakana. Na shiga na durƙusa na gaishe shi. Ko sunan mahaifina bai tambaya ba. Ya goge faifai da hannun rigarsa, ya ɗora allura, ya ce, "Bakano, saurara."

Jama'a, minti ashirin da uku! Aka fara da wata ƙara kamar iska ta shiga bututu, sai sarewa, sai ganguna suka rikice kamar an kifar da kwanuka daga saman bene, sai wani mai siririyar murya ya yi ta kuka a kan abin da ban san ko mene ne ba. Ga ɗumin falo, ga kujera mai laushi. Farkawa kawai na yi na ga ido biyu a kaina.

"Yaya ka ji ta?"

"Baba, ta yi daɗi ƙwarai."

"Wane wuri?"

"Ai... duka."

"Har wurin da kake minshari? Tashi ka tafi. Asabar."

Asabar ta biyu na zo da shirina. Na kwashe mako ina karanta duk abin da aka taɓa rubutawa a kan waƙar. Ana gamawa na gyara murya, na fara zuba masa inda aka naɗe ta da wanda ya buga me. Ya bar ni har na kai ƙarshe, sannan ya ce, "Na ce ka saurara, ka je ka yi min bincike. Digirin naka a kaina za ka yi shi? Asabar."

A ƙofa Hawa ta tare ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Nura, Daddy fa ba wasa yake ba. Wanda ya zo kafin kai a nan ya faɗi." Daga ciki kuma ina jin Mma Adiza, mahaifiyarta, tana cewa, "Alhaji, auren 'yarka za ka kashe saboda masu gashi?"

Asabar ta uku na sha shayi mai kauri, na zauna a ƙasa maimakon kujera, na saurara tun daga iskar bututu har ƙarshe. Da allura ta ɗaga na ce, "Baba, ku gafarce ni. Wallahi ban gane ta ba, kuma ba na jin zan gane ta. Wuri ɗaya ne kawai, inda komai ya yi tsit sarewa ta shigo ita kaɗai, nan na ji wani abu ya taɓa min ƙirji."

Ya buɗe ido ya ƙwala kira, "Adiza! A gaya wa mutanensa su zo." Sannan ya juyo gare ni. "Mutumin da zai zauna minti ashirin da uku yana jin abin da bai gane ba, bai tashi ba, bai kuma yi ƙarya ba, zai iya zama da Hawa."

Daga kicin aka ce, "Daddy! Ina jin ka fa!"

Sau ɗaya tak na ga ya yanke waƙa da kansa. Garmahonsa ya lalace, aka kai wa wani mai gyara a Stockport Road, ya ce sai mako biyu. Hawa ta ji tausayinsa, ta nemo Tsohuwa Ta Hau Bene a waya, ta haɗa da sifika. Da ƙyar ya yarda. Ya lumshe ido, yana kaɗa kai, tsohuwa tana hawa. Can sai ya zabura.

"Tsaya! Wa ya ƙara wannan?"

"Ƙara me, Daddy?"

"Nan wurin! Babu shi a waƙar."

Ashe faifansa ne yake da kwarzane tun fil azal, allura tana zuwa nan sai ta yi tsalle ta wuce wani ɗan yanki. Hawa ta yi masa bayani da Hausa, ta koma Turancin Manchester, ta nuna masa kwarzanen a hasken taga. Ya dube ta sama da ƙasa.

"Tun ba a haife ki ba nake jin waƙar nan. Tsohuwa a nan tuntuɓe take yi. Yanzu kun je kun gyara mata bene. Kashe. Wannan ba tsohuwata ba ce."

Haka ya zauna mako biyu cur babu kiɗa, ya ƙi waya ƙememe. Mma tana nan, ku tambaye ta. Ta ce sai a lokacin ta san ashe firjinsu yana ƙara.

Amma duk taurin kan Baba, ban ga kamar na tafiyar Birmingham ba. Bai fi mako uku da yi masa aikin ƙugu ba, likitansa ya ce ko ƙofar gida kada ya wuce sai da dalili. Sai ga labari cewa mai ogan ɗin samarin nan, wanda shi kaɗai ya rage yana iya hawa dandamali, zai yi wasa ranar Lahadi da rana a wani ɗan zaure a Birmingham. Mma ta ce ba inda za shi. Da ta ga magana ba ta shiga, sai ta kwashe takalmansa kaf ta ɓoye.

Ranar Lahadi da hantsi wayata ta yi ƙara. "Bakano, ko ka kawo mota ko na hau bas."

"Baba, ku yi haƙuri, likita fa ya ce..."

"Likitan ya taɓa jin su?"

Na iso na tarar da shi a bakin titi, ya sha riga da hula, ya dafa ƙarfen nan mai ƙafa huɗu da asibiti suka ba shi, ƙafarsa sanye da silifas ɗin banɗakin Mma, ruwan hoda masu fure. Mma ta leƙo ta taga, ta gan shi a haka, ta ce, "Innalillahi! A haka za ka je ka kunyata ni a garin mutane?" Sai ga takalma suna fitowa ta taga ɗaya bayan ɗaya.

Da isarmu Birmingham muka yada zango a unguwar Lozells gidan ƙanwarsa Hajiya Memuna. Ta yi masa faɗa tun daga ƙofa, ta cika mana ciki da wake da shinkafa, ya yi azahar a zaune, muka wuce. Duk ramin da mota ta faɗa sai na ga ya cije leɓe, amma ko wash bai ce ba.

Zauren cike yake da tsofaffin Turawa. Dogon gashin nan duk ya zama tarihi, sai sanƙo yana ƙyalli. Baba ya duba hagu da dama ya ce min, "Kai, mutanen nan sun tsufa." Mai ogan ya fito a sunkuye, shi ma da sanda. Ya yi wasansa, aka tafa, daga ƙarshe ya ce ko akwai wadda ake so ya ƙara. Aka yi ta jefo sunayen fitattu. Ni na tabbata Baba Doguwa zai ce. Sai na ji ya dafa kafaɗata, ya miƙe a kan ƙugun da aka ce kada ya tsaya a kai, ya ambaci wani suna da Turanci. Wata 'yar gajeriyar waƙa ce a can ƙarshen faifansu na farko, wadda ni duk zamana a gidan ban taɓa jin ya sa ta ba.

Mai ogan ya sa hannu a goshi yana neman mai magana. Ya yi dariya ya ce ba wanda ya taɓa neman wannan, ko abokan kiɗansa ba su so ta ba, shi kansa ya manta yadda take.

Baba ya ce masa, da Turancinsa na Kumasi, "Kai rubuta ta kawai ka yi. Ni na ajiye maka ita."

Kafin na riƙe shi ya fara rera kiɗan da bakinsa. Kun san muryar Baba, kamar ana jan buhu a kan siminti. Na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Amma sai tsohon ya ɗora yatsu yana lalube, ya kama layin farko, ya kama na biyu, a na uku ya kauce. Baba ya daka masa tsawa, "A'a! Ƙasa, ƙasa!" Zaure ya kwashe da dariya. Tsohon ya ce a yi masa afuwa, ya koma ƙasa. Daga nan dariya ta ɗauke. Ya buga ta tun daga farko har ƙarshe, Baba yana tsaye dafe da ƙarfensa. Sau biyu na ce ya zauna, ko kallona bai yi ba.

A hanyar dawowa muka tsaya salla a wurin shan mai. Muna komawa mota na ce, "Baba, wannan waƙar fa, me ya sa ba ku taɓa sa mana ita ba? Ko suna ba ku ba ta ba."

Ya juya ya dubi motocin da suke wucewa. Sannan ya ce hunturunsa na farko a ƙasar nan, yana wani ɗan ɗaki a Cheetham Hill, wasiƙa ta zo cewa mahaifiyarsa ta rasu. Kafin wasiƙar ta iso an yi makonni da binne ta. Bai san kowa ba a lokacin, ba wanda ya shigo ya ce masa Allah ya jiƙanta. Ya zauna da takarda a hannu, sai wani maƙwabci ta bayan bango ya sa wannan waƙar, ta ƙare ya sake, ta ƙare ya sake. Bayan kwana uku Baba ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa ya tambayi sunan faifan.

"Ita ta taya ni zaman makoki," in ji shi. "Ba na sa ta a gaban mutane, don ba na son a ga Salifu yana kuka. Kada ka gaya wa kowa sai ƙasa ta rufe min ido. Ja mota."

To, ta rufe, shi ya sa na faɗa. Mma, ki yafe min da na riƙe shi ban gaya miki ba.

Allah ya jiƙan Baba Salifu, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Uwar da bai samu ya raka ta makwancinta ba, Allah ya sada shi da ita a gidan Aljanna. Mu kuma da ya bari, Allah ya ba mu haƙurin rashinsa. Amin.