Sunkuyar da Kai a Kan Ƙanƙara

Ni ce na fara gano wajen, ba ƙanwata ba. Wannan nake so a sani tukuna, domin yanzu a gidanmu na unguwar Ka'akiyya a Makka duk baƙon da ya ji an ce akwai 'yar wasan hoki, ita yake juyawa ya kalla.

Muna ajin ƙarshe a sakandare aka kai mu Jidda, wata ƙatuwar kasuwa mai benaye. A hawan sama akwai filin ƙanƙara, an kewaye shi da katanga mai kai wa ƙugu, an ɗora gilashi a kanta. 'Yan ajinmu suka wuce wajen abinci, ni na maƙale a jikin gilashin. Mata ne a ciki, kowace da kwalkwali mai ragar ƙarfe a fuska, da doguwar sanda mai lanƙwasa a baki, takalmansu kuma da wuƙa a ƙasa. Suna bin wani ɗan baƙin faifai na roba da bai fi tafin hannuna ba. Ba gudun ne ya kama ni ba. Sai in ga mata uku suna tsakiyar kai hari, a yi ihu ɗaya daga benci, su ukun su juya tare su fice, wasu uku su diro a madadinsu. Ba mai cewa a bari ta ƙarasa. Ni da na girma a unguwar Misfala, inda kowa ke ture kowa don ya isa Harami kafin a ta da iƙama, ban taɓa ganin mutane suna matsa wa juna wuri da irin wannan saurin ba.

Da na gama makaranta na sami aiki a wani shagon turare, na yi ta yi wa Baba naci ya bar ni in koyi wasan. Baba direban bas ɗin alhazai ne a tashar Kudai, mutum ne da ya gaji da hanya, bai ga dalilin da zai sa wani ya hau ta don nishaɗi ba. Daga ƙarshe ya ce ya yarda, amma ba zan riƙa zuwa Jidda ni kaɗai ba, sai da ƙanwata. Haka ta shigo maganar, a matsayin 'yar rakiya. Farkon zuwanmu a kujerun 'yan kallo take zama, tana cin dankali tana danna waya, tana ƙorafin sanyi.

Mai horar da mu doguwar mace ce daga ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙofar gida. Da wasan nan ta ci abinci shekara da shekaru kafin gwiwarta ta lalace. Kabtin muke ce mata, kamar yadda ake ce wa kowane koci a nan. Larabcinta a karye yake, amma kalmomi biyu ta iya su kamar a Hijaz aka haife ta: "Rasik fog!" Wato kanki sama. Takan tara mu ta nuna mana manyan 'yan wasa a wayarta, ta tsayar da hoton ta ce mu dubi idanunsu. Ba mai kallon faifai. Sanda ce ke jin inda yake, ido kuma yana kan abokan wasa da kan wadda ke tahowa. Ta ce wadda ta kalli ƙasa ba kanta kaɗai ta jefa a haɗari ba, ta bar 'yan uwanta biyu suna wasa da makauniya.

Na sha wuya kafin in iya. Na faɗi har cinyoyina suka koma launin gauta. Amma na dage, in tashi da asuba in yi ta juya ƙwallo da sanda a saman rufin gidanmu ina kallon tankin ruwan maƙwabta. A hankali Kabtin ta matsar da ni har na shiga cikin ukun farko, waɗanda ake fara sakowa in an busa usur. Gefen dama nawa ne. A lokacin ita ma ƙanwata ta gaji da zama, an ɗaura mata takalmi, kuma abin haushi, ƙanƙarar ta karɓe ta kamar dama jiranta take. Duk da haka tana can baya, cikin ukun ƙarshe. Ban damu ba. Har gyara mata igiyar takalmi nake yi.

Sai in yi bayanin wani abu game da ni da ita. Ni 'yar fari ce, don haka da aka yaye ni aka miƙa wa Kaka, mahaifiyar Baba, a tsohon gidanta na Misfala. Kaka tana yarinya aka taho da ita daga Kano ta Sudan, kuma duk abin da aka koya mata a hanya ta zuba min shi. Babba yana magana, idonki na ƙasa. Babba yana faɗa, kanki ya ƙara yin ƙasa. Ba ta taɓa dukana a kan haka ba, gyaran murya kawai take yi, wuyana ya lanƙwashe da kansa. Ƙanwata kuwa a hannun Umma ta tashi, cikin 'yan unguwa masu Larabci. Hausarta ta abinci ce da ta tsiya. Tana iya kallon Baba ido cikin ido ta ce masa lissafinsa bai yi ba, ya yi dariya.

An sa mana wasanmu na farko na gaske, da ƙungiyar wani gari, kuma kowa ta san ukun farko su ne za a gani. Wata ranar Alhamis da la'asar muna atisaye, na karɓi faifai a gefena na taho da gudu. Ashe an riga an kira canji ban ji ba, abokaina biyu na cikin ukun farko sun juya sun nufi benci. Kabtin ta ɗaga murya ta kira ni, da irin muryar da take yi in ranta ya ɓaci. Ban yi tunani ba. Babba tana min faɗa, sai wuyana ya yi abin da ya saba. Ina cikin gudun na sunkuyar da kai.

Mai tsaron baya tana tahowa ta gabana, ita ma da gudu. An ce ta yi ƙoƙarin kaucewa. An ce kafaɗarta ce ta ɗauke ni na je na daki katanga da ƙeya. Duk "an ce" ne, domin ni abin da na sani, ina kallon igiyar takalmina, sai kuma ga fitilun sama suna yawo, ga fuskoki a cikin raga suna motsa baki ba sauti. Na tambayi wata ko an yi sallar azahar, alhali tare muka yi la'asar.

Likita ta ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza, ba abin da ya karye, in kwanta a ɗaki mai duhu, ban da waya, ban da shago. Ciwon kan ya tafi a hankali. Abin da bai tafi ba shi ne ƙarar. Har yau in an buga ƙofar bas da ƙarfi sai in zabura. In ina tafiya a Misfala alhaji ya taho ta gabana da sauri, sai in manne da bango ina haki.

Ina kwance aka ba ƙanwata gefen dama. Ita da kanta ta shigo ta gaya min, tana tsaye a bakin ƙofa da jakar kayanta. "Yaya, riƙon ƙwarya ne kawai, wallahi, kafin ki tashi." Na ce Allah ya taimaka. Ta fita, na ji tana waƙa a matakala.

Ban san ina da irin wannan zuciyar ba. Takan shanya kayanta a rufi, a igiyar da nawa suke ratayuwa, warin gumi da roba ya sauko har ɗakina, in ji kamar in hau in watsar da su titi. Da na sami sauƙi na fara binta, ni ce yanzu 'yar rakiya, a kujerar da take cin dankali. Ina gani abokaina biyu suna buga mata sanda a ƙwauri in ta yi abin kirki, gaisuwar da ni suke yi wa. Ina gani Kabtin ta yi mata tsawa, ita kuma ta tsaya ƙyam ta zuba mata ido, ta gyaɗa kai, ta koma ta gyara. Tsawar ba ta taɓa wuyanta. Wannan ya fi komai ci min rai. Ni na yi wata da watanni ina koyon ɗaga kai, ita kyauta aka ba ta, don kawai an haife ta ta biyu.

Ranar wata Juma'a muka je gaida Kaka. Tana zaune a tabarma tana tsince shinkafa, ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke da Allah ya ajiye a Makka, garin da dutse ke soya ƙwai, me ya kai ki neman ƙanƙara? Firjin gidanku ya lalace ne?"

"Kaka, wasa ne."

"Wasa ne ya kwantar da ke kamar mai jego? Wa ya buge ki? A nuna min uwarta."

Ƙanwata tana kwance a kujera ƙafa a sama, ta kira Kaka yadda 'yan Larabci ke kiran kakarsu, ta ce, "Sitti, ai ke ce."

"Ni? Ni da ko liftar hawa bene ba na shiga?"

"Kabtin ta yi mata faɗa, ta yi ladabi, ta daki bango. Ladabin wa ya koya mata?"

Kaka ta ajiye tire. Na ɗauka za ta yi faɗa, na ma fara sunkuyawa. Sai ta ce, "To ita wannan Kaftin ɗin, ba ta san ba a yi wa 'yar mutane tsawa tana gudu ba?" Ta juyo gare ni. "Ke ma da shirme. Na ce ki dubi ƙasa in babba na magana, ban ce ki yi shi a kan wuƙa ba. Ko ni in bas ya taho ai ɗaga kai nake yi." Ta nuna ƙanwata da yatsa. "Wannan mara kunyar kuwa, sauke min ƙafa."

Suka yi ta dariya su biyu. Ni ban yi ba. Ina kallon yadda Kaka ke kallonta, wai faɗa take, amma idonta cike da sha'awa. Ni ba ta taɓa yi min wannan kallon ba, ni da na bi duk abin da ta ce.

Ana saura kaɗan a yi wasan likita ta sallame ni. Kabtin ta ce in zo da kayana, in ta ga kaina a sama za ta duba maganar gefen dama. Na sa komai, na ɗaure kwalkwali har yana matse min haɓa. Na zo 'yar ƙofar shiga fili na tsaya. Sanyin ya bugi fuskata, ƙarar faifai a jikin katanga ta shiga kunnena, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Wajen da na faɗi yana can ta hagun ƙofar, ba alamar komai, amma shi kaɗai nake gani. 'Yan wasa suna wucewa suna kau da kai don kada su kunyata ni.

Ƙanwata ce ta taho ta taka birki a gabana, ta watsa min garin ƙanƙara a ƙwauri. Da Hausa ta yi magana, don kada sauran su ji.

"Yaya, in ba za ki shigo ba ki matsa, kin tare hanya."

"Tafi ki ba ni wuri."

"Wurin naki ai yana hannuna. Daɗi gare shi, wallahi. Iska ta fi kaɗawa a dama." Ta fara ja da baya a hankali tana fuskantata. "Sandarki ma ta fi tawa, ki bar min ita in kin koma shagon turare."

Ban san lokacin da na taka ƙanƙarar ba. Ina dai binta, ita tana tafiya da baya tana murguɗa baki a cikin raga, ni idona a kan fuskarta kamar in cinye ta. Wani ya turo min faifai, na ji shi a sanda ban duba ba. Muka zagaya fili haka. Kabtin ta kwatsa min tsawa daga benci, da gangan, da waccan muryar. Na ji wuyana ya motsa, haɓata ta sauka kaɗan, ta tsaya a hanya. Ƙanwata ta fito min da harshe. Haɓar ta koma sama.

Da muka zo daidai wajen da na faɗi kuwa, sai ƙafafuna suka rage gudu da kansu, na yi nesa da katanga kamar tana da wuta. Faifan ya suɓuce. Kowa ya gani.

Bayan an tashi Kabtin ta kira ni gefe. Ta ce kaina ya fi da, amma mai gefen dama rabin aikinta a jikin katanga yake, kuma ba za ta saka abokaina biyu su dogara da wadda ke gudun katanga ba. Wurin na ƙanwata ne, a wannan wasan da na bayansa. Ni in koma ukun ƙarshe in sake farawa, in ina so. Ta tsaya tana jiran amsa, tana kallona. Na kalle ta ni ma, da ƙyar, idona yana ruwa, na ce ina so.

Ranar wasan na zauna a ƙarshen benci da cikakken kaya. An sako ni sau kaɗan, ban yi abin kunya ba, ban kuma yi abin da wani zai tuna ba. Ƙanwata ta ci ƙwallo ɗaya. Duk bencin ya miƙe ana buga sanduna a jikin katanga, kowane bugu yana ratsa min ƙeya. Na miƙe ni ma na buga tawa, don haka ake yi. Da ta zo wucewa tana taɓa hannun kowa, na miƙa nawa. Ta daki safar hannuna da ƙarfi fiye da na kowa, ta wuce ta zauna can gaba tsakanin abokaina biyu, suka matsa mata wuri.