Hostel Ɗin da Umma Ta Zaɓa

Na je Bankok na dawo, jama'a, kuma Umma ce da yatsanta ta danna masaukin da na kwana! Umma fa, wadda ko Springfield, nan kusa da mu, zan je wajen 'yan'uwa sai ta ji wa zai ja motar, kuma 'yar gidan waye.

Ga yadda aka yi. Muna zaune a garin Beltsville a Amurka, ina karatun zanen gine-gine a jami'a. Wata rana a aji aka hasko mana hotunan tsofaffin gidajen bautar mabiya Buda na Bankok, rufi kan rufi, kowace kusurwa da tsininta kamar zankwayen gidajen cikin birni. Kaina ya ɗau caji. Na rubuta wa ƙawata da ke kujerar gaba cewa hutun bazara can za mu yi shi. Ita 'yar Kumasi ce, suna zaune a Takoma Park kusa da mu, ba ta san wani abu wai shi tsoro ba. Kafin malamin ya canza hoto ta amsa: mu je.

Kuɗin jirgi mun tara daga aikin da muke yi a laburaren makaranta. Abin da ya yi saura kuwa ko ƙofar otal ba zai buɗe ba. Sai muka gano akwai wata unguwa ta matafiya masu goyon jaka, titi guda cike da masu suyar taliya da masu tausar ƙafa da kiɗa, gado a can araha, kuma da ƙafa za ka taka zuwa gidajen bautar. Saura abu ɗaya, wanda ya fi tikiti wuya: izini. Abba ya ce in tambayi Ummata, shi ya fita.

Na same ta a kicin tana tuƙa tuwo. Na yi gaisuwa har da ƙari, na zayyana mata komai.

"Me ya kai ki gidan gumaka?" in ji ta.

"Rufin zan kalla, Umma. Karatu ne."

"A ina za ku sauka?"

"Hostel."

Ta tsayar da muciya. "Au, hostel? To ai da sauƙi. Allah ya kai mu."

Shikenan fa. Na fito ina rawa a matakala, na tura wa ƙawata cewa an wuce wajen. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa abin ya zo da sauƙi haka ba.

Ashe ni da Umma ba hostel ɗaya muke magana ba. Nata shi ne wanda ta zauna lokacin tana jami'a a gida: mata zalla, mataron mai ido kamar fitila, maigadi da kulki a bakin get, namiji ko yayanki ne uwa ɗaya uba ɗaya iyakarsa benci a waje. Nawa kuwa gado ne kan gado, duk wanda ya biya ya hau.

Ranar Asabar da rana ƙawata ta zo mu kama ɗaki. Muka buɗe kwamfuta a teburin cin abinci. Umma ta fito ta sa tabarau, ta ja kujera tsakaninmu.

"Ku nuna mini mataron ɗin tukuna."

Ƙawata ta kalle ni, na kalli silin. Hoton farko da ya buɗe, wani Bature ne ba riga, a miƙe a gadon sama da kwalba a hannu, wata budurwa a gadon ƙasa tana shanya tawul.

"Wannan ƙato fa? Gyaran fanka ya zo yi?"

"Hajiya, shi ma baƙo ne," in ji ƙawata da Hausarta ta Zango. "Yarinyar nan ma, shi ma baƙo ne."

"Ji mini! Ke da ko a magana ba kya raba mace da namiji, ina za ki raba su a ɗaki?" Ta cire tabarau ta ninke. "Na janye. Ba inda za ki."

Na san Umma, in ta tashi daga kujerar nan maganar ta mutu. Na ce don Allah ta ba mu dama mu duba wasu, ai akwai masu ɗakin mata zalla. Ba ta ce e ba, amma ba ta tashi ba, don haka na kama dannawa kamar yatsana zai kama da wuta.

Na farko ɗakin mata ne, amma a saman mashaya yake, har suna talla cewa kiɗa ba ya tsayawa. Umma ta yi tsaki. Wani kuma ba taga ko ɗaya, ta ce ko kaji ba a ajiyewa haka. Akwai wanda ya yi kyau sosai, na fara murna, sai ƙawata ta karanto sharhin wani da ya kwana can yana yabon yadda kowa ke zama ɗan'uwan kowa kafin gari ya waye.

"Irin wannan zumuncin ba na so," in ji Umma.

Can ƙasa muka tarar da wani ƙaramin gidan katako a lungu, bayan babban titin. Hawa na sama mata ne kawai, kowane gado da labulensa da akwatin kulle kaya. A hoto ɗaya ga wata tsohuwa mai gidan tana shayar da shuke-shuke. Na ce, "Umma, ga mataron." Ko murmushi ba ta yi ba. Na ci gaba da wuce hotuna da sauri, gado, baranda, bayi, kicin.

"Dakata. Koma baya."

Na koma kicin.

"Ba nan ba. Bayin."

Ta mayar da tabarau, ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi. A jikin bango, gefen masai, ga wani ɗan tiyo a rataye mai kan fesawa.

"Mene ne wancan?"

"Na tsarki ne, Hajiya," in ji ƙawata. "Ai duk ƙasar haka suke. Ruwa suke amfani da shi."

Sai kun san Umma za ku gane. Tun zuwanmu ƙasar nan take fama da bayin da ba ruwa. Kowane bayi a gidanmu da butarsa, a jakarta ta zuwa aiki kullum akwai gorar roba, kuma ba ta taɓa yafe wa Amurka wannan abu ba.

"Duk ƙasar? Koma mini wancan na saman mashayar."

Na koma. Ga tiyo.

"Har 'yan giyar?"

"Har su, Umma."

Ta jingina da kujera ta ce, "Ikon Allah. To mutanen da suka san ruwa, ba za a rasa kunya a wajensu gaba ɗaya ba. Miƙo abin nan."

Daga nan mu muka koma 'yan kallo. Ta sa aka buɗe taswira, ta ga akwai ɗan masallaci a wani lungu kusa, da masu abincin halal a bakinsa. Ta ji cewa gidajen bautar ma ba a shiga sai an rufe kafaɗa da gwiwa an cire takalmi, ta ce to su ma sun fi wasu. Ta kafa sharaɗi: gadon ƙasa, kusa da ƙawata, kuma kullum in kira ta a bidiyo ta ga fuskata da ta tsohuwar. Sannan ta ce ina ake dannawa. Na nuna mata, ta yi bisimilla ta danna.

Gidan dai ba aljanna ba ne. Fankar tana ƙara kamar injin markaɗe, kiɗan babban titi yana iso mu sama-sama, kuma kyanwar tsohuwar ta mayar da jakata gadonta. Amma da safe mu sha shayi mu taka zuwa gidajen bautar, ni da abayata in wuce kai tsaye, masu gajeren wando suna layin aron zani. Na zana rufi har fensirina ya ƙare. Tsohuwar kuwa ta saba da kiran Umma, ba mai jin yaren wani, sai ɗaga hannu da dariya.

Don Allah ku tura wa duk wadda ke shirin cewa "hostel" a gaban mahaifiyarta, ta fara tambaya wane hostel ɗin ake nufi, kuma ta nuna hoton bayi da wuri.