Ladanin da Ya Kira Sallah Ana Yi Masa Wanka

Kawuna ya yi shekara talatin da ɗoriya yana kiran sallah a ƙaramin masallacin layinmu, a unguwar Kilomita Biyar, kuma bai taɓa yarda wani ya riƙe makirfon nan ba ko da wasa. Mutumin kirki ne, amma a kan wannan abu ɗaya ya fi kaza mai 'ya'ya faɗa. Da ƙafafunsa suka kumbura, numfashi ya fara yi masa gardama, ni ya aika a kira, don ni ne mai gyaran waya a dangi, ina da ɗan teburina a bakin Titin Koudoukou.

Ya ce, "Ba ka iya ajiye mini muryata kafin ta ƙare?"

Na ce wannan ai kamar shan ruwa ne. Da girman kai na faɗa, har yau ina jin kunyar yadda na faɗe shi. Na ɗauki muryarsa a wata tsohuwar waya, har da ɗan tarin da yake yi kafin shahada, na haɗa ta da lasifika da batirin sola, na saita mata lokutan sallah biyar. Liman ya gani ya kau da kai, tunda ladanin yana raye, yana kwance a bayan katanga yana motsa leɓe tare da wayar.

Ranar wata Talata da hantsi Allah ya karɓi abinsa. Cikin ruɗewa babu wanda ya tuna da waya, har ni mai ita. Mu uku muke yi masa wanka a bayan ɗaki, ina zuba ruwa a kafaɗarsa ta dama, sai azahar ta yi. Muryar Kawu ta tashi a samanmu, garau, ga shi kuma a hannunmu, haɓarsa a ɗaure. Da ya yi ɗan tarin nan, butar ta suɓuce mini. Dattijon da ke riƙe da kansa ya fara amsa kiran a hankali, don bakinsa ya saba, sai ya dubi gawar ya yi shiru a tsakiya.

Bayan sadakar uku aka yi ta ja-in-ja a ƙofar masallaci. Liman ya ce kiran sallah ibada ce, ibada kuwa sai da niyya, waya ba ta da zuciyar da za ta ƙulla ta. Wani Alhaji mai sayar da atamfa ya ce wanda ya haƙa rijiya ya mutu ai ladansa bai yanke ba, me ya raba murya da rijiya? Ni dai na san dalilin da ya sa da yawa suka bi Alhaji: babu mai son barin rumfarsa a kasuwa ya zo ya yi ladanci. Aka watse ba a yanke komai ba, wayar ta ci gaba da aikinta.

Inna, matar Kawu, tana takaba. Da na je gaishe ta, ta bayan labule ta ce, "Ɗana, kada ka taɓa masa abinsa." Na ce to. Na ma ji daɗi, na ɗauka na yi mata wani alheri ne.

Wata guda bayan haka 'yar autarsu ta same ni a teburina. Malamar jinya ce, yaren Sango ya fi mata sauƙi a baki, da shi ta fara: "Mama ate kobe ape." Wato Inna ba ta cin abinci. Ta ce duk lokacin da muryar ta tashi, Inna sai ta dafa shayi, ta shimfiɗa tabarmarsa, ta zauna tana kallon ƙofa har shayin ya huce. In an kawo mata tuwo sai ta ce sai Malam ya shigo. Ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali, masu ta'aziyya in sun ce Allah ya jiƙansa, ba ta cewa amin.

"Na tambaye ta, Yaya. Ta ce matattu ake yi wa wannan addu'ar."

Raina ya ɓaci, kuma da kaina nake fushi. Mutum yana kwance a kabari, babu abin da yake bukata kamar addu'ar matarsa, ni kuma na tsare ta da wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Inna ma ga ta tana ƙarewa a zaune.

Washegari kafin la'asar na shiga masallaci na zare wayar daga lasifika. Na cusa ta a aljihu kamar ina sata. Daga nan na wuce gidan, na zauna a bakin ƙofar Inna, don ba na so ta ji daga bakin wani.

Lokaci ya yi. Na ji ta tana hura gawayi. Layin ya yi tsit, sai ƙarar masu babur can daga titi. Ban taɓa sanin shiru yana da nauyi haka ba. Can sai Liman da kansa ya ɗauki makirfo, da muryarsa mai kaushi, yana haki.

Hura gawayin ya tsaya.

"Wane ne wannan?"

"Liman ne, Inna."

"Malam fa?"

"Malam ya rasu, Inna. Ni na zuba masa ruwa."

Sai na ji kukan, irin wanda ya kamata a yi tun ranar Talatar nan, ya taho gaba ɗaya har maƙwabta suka leƙo. Da ya lafa, ta ce, "Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya sa ka huta." Na ce amin, hawaye yana shiga mini baki.

Na miƙe zan tafi, ta kira ni ta bayan labule.

"Masu jana'iza sun kai shi kabari sau ɗaya. Kai ka kashe mini shi karo na biyu. Je ka, ɗana, yau dai ba zan iya ganinka ba."